Hitar Hiace tana ɗumi a guje, tana hucewa a silo: ina matsalar take?

Direban Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Toyota Hiace ce ƙirar 1998, injin fetur 2RZ. Da asuba idan na hau titin Bauchi ina taka totur, hita tana ba da ɗumi sosai. Da na tsaya lodi ko a go-silo, cikin minti biyu iskar ta koma sanyi ƙalau. Fanka tana busawa daidai. Wani lokaci ina jin ƙarar ruwa ƙululu a bayan dashbod, kuma ina ƙara kusan rabin lita duk mako. Allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya. Hunturu ya kankama, fasinjoji sai ƙorafi. Me zan fara dubawa?

Bakaniken Farin Gada: Wa'alaikumus salam. Malam, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Tunda fanka na aiki, ba matsalar wuta ba ce, ruwan zafi ne ba ya isa hita. Hita ƙaramin lagireto ce a cikin dashbod, ruwan injin ke ratsa ta. Idan ruwa ya yi ƙasa, iska ta maye gurbinsa. A silo famfon ruwan injin ba shi da ƙarfin tura shi can, sai ka taka totur. Wannan ƙululun da kake ji iska ce.

Da safe, injin a sanye, buɗe murfin lagireto ka duba cikinsa. Kada ka dogara da robar gefe, tana iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa, musamman in murfin ya mutu. Faka motar gaba na kallon tudu, mai da hita ƙarshen zafi, cika ruwa, ka tayar da injin murfi a buɗe. Bar shi minti 15 zuwa 20, kana ɗan ba shi wuta lokaci-lokaci, kana matsa babban tiyon sama, kana ƙara ruwa har kumfa ya daina fitowa. In motarka mai hitar baya ce, kunna ita ma, don bututunta dogaye ne kuma nan iska ke son maƙalewa. Kada ka kuskura ka buɗe murfi injin da zafi.

Mai Gyaran Lagireto: Oga ya yi daidai, amma cire iska ba zai ɗore ba sai an gano inda rabin litar nan ke tafiya. Duba bakin kowane tiyo da kilif ɗinsa, da bututun ƙarfe na ƙarƙashin mota, waɗanda tsatsa ke ci. Akwai ɗan rami a jikin famfon ruwa, in ka ga farin busasshen tabo a ƙasansa, famfon ya fara yoyo. Taɓa kafet ɗin gaba. In da danshi, ko gilashi na yin hazo daga ciki, hitar ce ta huje.

Sannan gwajin hannu. Injin ya yi zafi, taɓa tiyo biyu masu shiga hita a hankali. Duka biyun da zafi, to ruwa na wucewa, sai a koma kan kebur ɗin da ke jan ƙofar iska. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, hita ta toshe ko bawul ɗinta bai buɗe ba. A cire tiyon biyu, a tura ruwa ta bakin fita ya fito ta bakin shiga har ya yi fari. Da tiyon famfo na gida kawai. Injin wankin mota zai fasa ta.

Direban Jos: Na gode. Wanda ya sayar min da motar ya ce an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya yi zafi, wai ba ta dace da zafin ƙasarmu ba.

Bakaniken Farin Gada: To ga dalilin da allura ba ta tashi. Wannan al'adar cire tamostat ta ɓata injuna da yawa: injin ba ya kai zafin aikinsa, yana shan mai, hita kuma ba ta samun abin da za ta bayar. Ta 2RZ tana fara buɗewa ne wajen digiri 82. Sayi ta asali, ka jefa ta a tukunyar ruwa bisa wuta ka ga ta buɗe kafin ya tafasa, sannan a ɗaura, ɗan ramin iskarta na kallon sama. Sauya murfin lagireto da mai lamba irin ta tsohon, galibi 0.9. Ka bar zuba ruwan rijiya zalla, shi ke kawo tsatsar. Haɗa kulant (ruwan sanyaya injin mai hana tsatsa) da ruwan batir wanda ba asid ba, rabi da rabi.

Mai Gyaran Lagireto: Abu ɗaya kafin ka kashe kuɗi. In bayan minti 20 kumfa bai daina fitowa ba, ko tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan da tayar da injin, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan mota ta yi zafi, gaskit ɗin kan injin ne ya lalace, yana tura hayaƙi cikin ruwa. A fara gyara shi tukuna, in ba haka ba sabuwar tamostat za ta sa motar ta tafasa.