Muhawara: Boko ne ya ƙera fasihan mawaƙan Hausa na zamani?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne rubutacciyar waƙar Hausa ta zamani 'yar makarantar boko ce. Sa'adu Zungur ya yi Kwalejin Katsina, ya wuce Kwalejin Yaba da ke Legas. Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne. Shehu Shagari ma yana koyarwa ya tsara Waƙar Nijeriya domin ɗalibai su haddace labarin ƙasarsu. Kafin waɗannan, akasarin abin da ake rubutawa wa'azi ne da bege da fiƙihu, su ne suka shigo da zancen mulki da ci gaban ƙasa.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka zaɓi waɗanda suka dace da hujjarka, ka tsallake sauran. Ina ka ajiye Aliyu Namangi na Zariya, makahon da bai taɓa zama a aji ba, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga lungunan da littafin boko bai taɓa leƙawa ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa? Ina kuma Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda neman ilimin addini ya kai shi Barno, ya dawo Kano ya zama ma'aunin da ake gwada gwanintar sarrafa harshe da shi?

Malam Habibu: Hajiya, ba na ja da darajar Namangi, sai dai Imfiraji wa'azi ce, kuma tafarkin da Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka shata ta bi. Zamaninta sabo ne, amma jigonta na da ne.

Hajiya Rabi: Na lura ba ka ce komai game da Aƙilu ba.

Alhaji Ɗanjuma: Habibu, ɗana, Sa'adun da ka kafa hujja da shi ma ba naka ba ne kai kaɗai. Ɗan gidan malamai ne a Bauchi, kuma ya yi nisa a Larabci da fiƙihu kafin a san shi da Turanci. Ka koma ka karanta waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" da babbar murya, za ka ji karinta na arulin Larabci ne, wato ma'aunin waƙoƙin Larabawa, kuma amsa-amo guda ya riƙe tun daga farko har ƙarshe, abin da ba a koyar da shi a Yaba. Waƙarsa ta bidi'a kuwa, in ba a faɗa maka ba, cewa za ka yi wani malamin zaure ne ya yi ta. Boko ya buɗe masa ido ya ga duniya, na yarda, amma alƙalamin da ya rubuta abin da ya gani a zaure aka feƙe shi.

Kabiru: Baba, a gafarce ni in sa baki. Ina ganin ana ba makaranta, ta allo ko ta boko, yabon da ya kamaci siyasa da kafofin yaɗa labarai. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, an kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma takarar da ke tsakaninta da jam'iyyar NPC ce ta sa irin su Mudi Sipikin da Aƙilu suka mayar da waƙa makamin jayayya. Rediyo ya kai baitocin ga waɗanda ba su iya karatu ba, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya kuma ya adana su a littafi, kamar Fasaha Aƙiliya, littafin waƙoƙin Aƙilu.

Malam Habibu: To, Kabiru, wa ya kafa jaridar, wa ya shirya jam'iyyun, in ba 'yan boko ba? Hujjarka tawa ce ta zagayo.

Hajiya Rabi: Wanda ya share fili daban, wanda ya yi kokawa a cikinsa daban. Sa'adu da Mu'azu duk sun rasu a 1958, kafin a sami 'yancin kai, kuma waɗanda suka riƙe fagen shekaru masu yawa bayansu, irin su Aƙilu da Namangi, almajirai ne. Malam, har yanzu ina jiran ka faɗa mana makarantar bokon da ta yaye Aƙilu.