Shin Turai ta koma 'yar kallo a fagen fasaha?

Alhaji: Jama'a, ina nan kan bakana: Turai ta koma 'yar kallo a harkar fasaha. Kowa ya ɗauki wayarsa ya duba. Manhajar da ke tafiyar da ita, Android ko iOS, ta Amurka ce. WhatsApp da YouTube na Amurka ne, TikTok na Sin. A da Nokia ta ƙasar Finland ce a hannun kowa, 3310 ɗin nan da za ta faɗi, murfi ya yi gefe, batir ya yi gefe, ka harhaɗa ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. A 2014 Microsoft ta saye sashen wayoyin. Tun daga nan me Turai ta sake sa mana a aljihu?

Injiniya: Ranka ya daɗe, fuskar wayar ka duba, ba ka leƙa cikinta ba. Ƙwaƙwalwar kusan kowace waya, wato 'yar guntuwar da ke yi mata lissafi, a kan tsarin kamfanin Arm na Cambridge a Ingila aka zana ta. Injin da ke buga mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwa kuwa, kamfani ɗaya tak ke ƙera shi a duniya: ASML na Holan. Girmansa ya kai motar bas. A cikinsa leza ke harbin ɗigon narkakken kuza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya, hasken da ya fito ya bi ta madubban Zeiss na Jamus. In babu shi, TSMC ta Taiwan, mai ƙera ƙwaƙwalwar, ba ta ƙera wa Apple da Nvidia na Amurka abin da suke taƙama da shi. Wannan ne ɗan kallo?

Malama: Injiniya, misalinka na farko ai hujjar Alhaji ce. SoftBank ta Japan ta saye Arm a 2016, da aka tashi sayar da hannun jarinsa a 2023 kuma New York aka nufa. DeepMind, kamfanin ƙirƙirarriyar basira (AI), a Landan aka haife shi, Google ta ɗauke a 2014. Skype, manhajar kira da aka ƙirƙira a Turai, ma haka ya ƙare a hannun Microsoft. Basira tana nan, ban musa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Injiniya: Malama, Ingila ta bar Tarayyar Turai, a cire ta. Ga Airbus na Turai yana kafaɗa da kafaɗa da Boeing na Amurka wajen ƙera jiragen sama, ga BioNTech ta Jamus da ta haɗa rigakafin korona tare da Pfizer.

Malama: To a cire ta. Rahoton da Mario Draghi, tsohon shugaban Babban Bankin Turai, ya miƙa a Satumban 2024 a kan Tarayyar yake. Ya ce cikin manyan kamfanonin fasaha 50 na duniya, huɗu kacal ne na Turai. Ya ce a shekara 50 ba a kafa kamfani daga tushe a Tarayyar ba wanda darajarsa ta haura yuro biliyan 100. Kafin ka ce ASML: daga jikin Philips ya fito a 1984. Kuma ya ce ana buƙatar ƙarin jarin yuro biliyan 750 zuwa 800 duk shekara. Ɗan gida ne ya faɗa.

Alhaji: Madalla. Dokoki ne suka shaƙe su. Amurka na ƙirƙira, Turai na rubuta ƙa'ida.

Ɗaliba: Baba Alhaji, a yi mini afuwa, a nan ban bi ka ba. Dokar Tarayyar Turai ta kare bayanan sirri ta 2018 ta ba mutum ikon ya ce a goge bayanansa. Kuma bayan dokar Tarayyar kan caja iri ɗaya ne iPhone ta koma USB-C a 2023, yau waya biyu na shan caja ɗaya. Wannan ba ci gaba ba ne?

Malama: Ci gaba ne, 'yata, kuma ban ɗora laifin duka a kan doka ba. Yaron da ya kafa kamfani a Amurka, kasuwa ɗaya gare shi, harshe ɗaya, masu zuba jari a ƙofa. Takwaransa na Turai ƙasa 27 ke gabansa, kowacce da harajinta da dokar ma'aikatanta. Ranar da ya buƙaci babban jari sai ya haɗa kayansa ya tsallaka teku.

Injiniya: Wannan na karɓa. Northvolt ta Suwidin ce na fi sa wa rai, ita aka ce za ta tare Sin a batirin motocin lantarki. Ta tara biliyoyi, ta kasa fitar da batir yadda aka yi alkawari, a Maris na 2025 ta durƙushe. Ranar na ji ba daɗi sosai. Amma Alhaji, kalmar 'yar kallo har yanzu ban yarda da ita ba.

Alhaji: Kawo mini kamfani ɗaya da aka kafa bayan 2000, ya girma ya kai sa'ar Google, bai bar Turai ba, sai in janye.