Kafin ka gaskata tsohuwar takardar fili a Amurka

Ga abin da na tsinta daga hirar masu bin diddigin filayen zamanin mulkin mallaka a Amurka. Takardar sayen ƙasa daga 'yan asalin wurin ba hujja ce kai tsaye ba: Bature ya rubuta, shi ya kawo tafinta, masu ƙasar kuma sau da yawa izinin zama suke nufi.

Sun daɗe kan abin da ya faru a 1737. 'Ya'yan William Penn, wanda ya kafa yankin Pennsylvania, suka fito da takardar sayen ƙasa da suka ce ta 1686 ce, suka sa masu gudu su auna tsawon filin da takardar ta ambata, wato "tafiyar yini ɗaya da rabi". Ƙabilar Lenape ta rasa eka sama da miliyan ɗaya. Wannan ai ƙwace ne.

A binciki shaidu, a gwada da taswirar awo, don itacen da aka yi alamar iyaka da shi yana faɗuwa, rafi yana sauya hanya.