Neman kalma: ɗaurin da alƙali ba ya iya ragewa

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Ran Asabar da dare ina da shiri a rediyo nan Kumasi kan yadda kotunan Amurka ke ɗaure baƙar fata fiye da farar fata, kuma gobe da azahar ake son rubutun. Abin da ya tsaya mini shi ne mandatory minimum, wato shekarun da majalisa ta kafa, alƙali ba zai yanke ƙasa da su ba ko da ya ga mai laifin ya cancanci sassauci. Misalina dokar 1986 ce: giram 5 na hodar iblis mai tsakuwa, shekara 5. Ta gari kuwa sai ta kai giram 500 kafin a ba ka shekara 5 ɗin. Mai tsakuwar ce ake sayarwa da araha, kuma akasarin waɗanda aka ɗaure a kanta baƙaƙe ne. Ina son kalmar da tsohuwa a unguwar Sawaba za ta ji ta gane.

Ticha Awudu: Wa'alaikumus salam. Mafi ƙarancin wa'adin ɗauri na wajibi.

Rabi Aboabo: Ticha, ka tausaya mini. Shirin rabin awa ne, kuma kalmar za ta yi ta dawowa.

Sani Bronx: Haddi mana, Yaya Rabi. Shi ma alƙali ba ya taɓa shi, ta'aziri ne aka bar masa. Duk wanda ya zauna a makaranta ya san wannan.

Malam Tanko: Subhanallahi. Sani, ɗana, janye. Haddi iyakar Allah ce. Abin da 'yan majalisa suka rubuta da hannunsu, suka dawo a 2010 suka gyara, shi za mu kira haddi a kunnen jama'a? Ko a ma'ana ma bai hau ba. Haddi ba ragi ba ƙari, bulala tamanin ta ƙazafi tamanin ce. Wannan kuwa ƙasa kaɗai aka toshe, sama a buɗe take.

Alhaji Baba Kejetia: Malam ya faɗi kalmar bai sani ba. Ɗaurin ba-ragi! A kasuwa in na ce ba ragi, kana iya ƙarawa in kana da kirki, amma ƙasa ba za a sauko ba. Doka ya sa farashi, alƙali yaron shago ne kawai. Rabi 'yata, rubuta, an gama.

Ticha Awudu: Alhaji, doka TA sa. Doka mace ce. Irin wannan ne ya sa da mun buɗe baki a Kano ake tambayarmu daga ina. Yanzu kuma yaren ciniki za mu kai gaban makirufo a maganar shari'a.

Alhaji Baba Kejetia: Ticha, kakana da fataken goro ya zo ƙasar nan ta Salaga, da wannan Hausa ya yi arziki, da shi ya yi aure. Ban taɓa rasa ciniki don na ce ya ba. Kano ɗin da kake yi mana gori da shi, shekara nawa ka yi can?

Hajiya Mariya Nima: Ku tambaye shi dai. Mutanen Kanon ba lauya da kotu da fursuna suke cewa ba? Su in sun ara ya zama Hausa, mu in mun ara ya zama gurɓata. Ga shi tun 2019 sun koma ce wa gidan yari gidan gyaran hali, katangar kuwa ita ce ta jiya.

Ticha Awudu: Hajiya, ni ban hana aro ba. Na ce a kiyaye nahawu, don yaranmu daga rediyo suke koyo.

Hajiya Mariya Nima: Daga wayar iyayensu suke koyo, Ticha.

Sani Bronx: Tunda an hana ni haddi, a ce ɗaurin wariya. Ai ita ce gaskiyar. A 2010 Obama ya sa hannu aka rage bambancin daga 100 da 1 zuwa 18 da 1, giram 5 ya koma 28, amma waɗanda aka riga aka ɗaure da tsohuwar doka sai 2018 aka ba su damar neman a sake duba hukuncinsu. Hukumar da ke lura da hukunce-hukunce a can ta ce a rahotonta na 2017 ɗaurin maza baƙaƙe ya fi na farare tsawo da kashi 19 cikin 100, alhali laifi iri ɗaya, tarihi iri ɗaya. Me ake kiran wannan?

Lauya Fati Madina: Sani, sunansa wariya, amma kada a ɗora sunan a kan dokar kanta. Mu ma a Ghana mun yi irinta. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1990, lokacin Rawlings, ta ce wanda aka kama da su ba zai sha ƙasa da shekara 10 ba, sai a 2020 aka mayar da hukuncin mai shan su biyan tarar kuɗi. Samarin da suka tsufa a gidan yarin Nsawam a kan wiwi, baƙar fata ne ya kama su, baƙar fata ya yanke musu. In Rabi ta ce ɗaurin wariya, mai sauraro zai zaci an rubuta launin fata a cikin dokar Amurkar, alhali ba a rubuta ba, kuma nan ne dabarar take. Giram aka rubuta. Sannan mai gabatar da ƙara shi ke zaɓar tuhumar da zai kai, ya nuna maka shekara 10 da alƙali ba zai iya taɓawa ba, ya ce amsa laifi in sauko. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukunce a Amurka ta amsa laifi ake samun su. Ko kotun ƙoli a 1987, a shari'ar McCleskey ta jihar Jojiya, an kai mata alƙaluman da suka nuna wanda ya kashe farar fata ya fi wanda ya kashe baƙar fata fuskantar hukuncin kisa sama da sau 4, alƙalai 5 cikin 9 suka ce alƙaluma ba su isa ba, sai ka nuna an yi niyyar nuna maka bambanci kai da kanka.

Alhaji Baba Kejetia: To kun gani? Ba-ragi bai zargi kowa ba. Lauya ma yana bayana.

Ticha Awudu: TANA bayanka. Kuma ku saurara. A zango in ka ce wa uwa ɗanta ya sami ɗauri ba ragi, abin da za ta ji shi ne ba za a rage masa ko kwana ɗaya a gidan yari ba, irin ragin da ake yi wa fursuna mai kyawun hali. Wannan daban, wancan daban.

Lauya Fati Madina: Nan kam Ticha yana da gaskiya. A gidajen yarin tarayya na Amurka ma ana wannan ragin. Hannun alƙali aka ɗaure, ba na gandiroba ba.

Alhaji Baba Kejetia: Sai a yi bayani sau ɗaya. Shi naka in an faɗa sau ɗaya an kai labaran ƙarfe tara.

Malam Tanko: Ni dai giram 5 da 500 ɗin nan kada wani ya zo ya ce mini nisabi. Na ga Sani yana rubutu.

Sani Bronx: Na goge, Malam.

Rabi Aboabo: Allah ya saka da alheri. Da farko zan karanta na Ticha yadda ya rubuta, in ce alƙali ne aka hana ragi, daga nan in ci gaba da ɗaurin ba-ragi. Wariya zan ajiye ta sai na zo kan alƙaluma. Anti Fati, wannan cinikin amsa laifin fa, tunda mu ma an yi masa doka a 2022, me zan ce?

Lauya Fati Madina: Faɗe shi yadda kika faɗa yanzu. Ina kotu da sassafe.

Ticha Awudu: Ciniki kuma? A rediyo ku yi yadda kuka ga dama. A ajina dai ba zan rubuta ba-ragi a allo ba.