Neman shawara: an yi wa ƙanwata mawaƙiya tayin fim, takardar kuma ta hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 19. Tun tana sakandare take waƙa, irin ta zamani, kuma ita take rubuta abinta. Shekara uku ke nan komai nata yana hannuna. Ni ke amsa waya, ni ke biyan kuɗin situdiyo, ni ke zama a kan benci a bakin ƙofa har ƙarfe ɗayan dare ina gyangyaɗi, ina jiran a gama haɗa sauti. Ni ba manaja ba ce, yaya ce kawai da ba ta iya ce wa ƙanwarta a'a ba. Bara wata waƙarta ta tashi a TikTok, tun daga nan wayata ba ta ƙara hutawa ba.

To yanzu wani kamfani ya zo da tayi. Fim ne mai dogon zango, ita ce jarumar, za ta fito a matsayin yarinya mai son zama mawaƙiya. Ɗaukar zangon farko wata biyar ne. Kamfanin yana da ɓangaren waƙa, shi ya sa suka haɗa komai a takarda ɗaya, shafi 31. Na karanta sau uku, ga iya abin da na gane. Za su ba da kafin alƙalami mai tsoka. Duk waƙar da ta yi a tsawon yarjejeniyar tasu ce, ko ta fim ko ba ta fim ba. Suna da kaso a wasannin da za ta yi da tallan da za ta samu. Suna da ikon sabunta yarjejeniyar har sau huɗu. Ba za ta saki waƙa ba sai sun yarda. Sati biyu suka ba mu.

Ga shi tana tsakiyar haɗa albam ɗinta na farko, waƙa bakwai cikin tara sun kammala. Ga shi ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara da sunan wasa ba, sai bidiyon waƙa. Fim ɗin nan zai ɗaga waƙarta ne ko zai binne ta? Mu sa hannu? Wanda ya san harkar ya taimaka mini.

Wani matashi: Anti, me ake jira? A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Miley Cyrus da Selena Gomez a tashar Disney duniya ta san su, Ariana Grande a Nickelodeon. Fim ne ya shigar da su gidajen mutane kafin waƙa ta ɗauke su. Ku sa hannu kawai.

Wata lauya: 'Yar'uwa, kada ki kuskura a sa hannu a kan wannan takarda yadda take. Ba fim ɗin ne matsalar ba. Ciniki biyu ne aka cusa a buhu ɗaya don kada ki ga farashin kowanne.

Kowace waƙa haƙƙin mallaka biyu ne a kanta. Akwai na rubutu, wato baitoci da karin da ƙanwarki ta ƙirƙira. Akwai kuma na asalin sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda 'yan harkar ke ce wa masta. Koma ki duba wanne suke nema. Idan duka biyun ne, to ba ta da sauran komai sai murya.

Na ga ana lissafo waɗanda suka ci riba, bari ni ma in lissafo. Taylor Swift tana da shekara 15 ta sa hannu da kamfanin Big Machine a 2005. A 2019 aka sayar da kamfanin, aka haɗa da asalin sautin albam shida nata na farko. Abin da ya cece ta shi ne da hannunta a rubutun waƙoƙin, sai ta koma situdiyo daga ƙarshen 2020 tana sake naɗar su. Ba ta mallaki na asalin ba sai a 2025, da kuɗinta ta saye su. Wannan fa mai ƙarfi ce. JoJo kuwa tana 'yar shekara 12 aka ɗauke ta, ta yi suna a waƙa, ta fito a finafinai a 2006. Albam ɗinta na biyu ya fita a shekarar, na uku bai fita ba sai 2016, saboda kamfani ya riƙe ta, bai saki aikinta ba, bai kuma sake ta ba, har sai da ta kai ƙara. Layin nan da kika ce ba za ta saki waƙa ba sai sun yarda, shi ne wannan ramin.

Kafin alƙalami kuma bashi ne da ya sa rigar kyauta. A kasonta za su cire shi, sau da yawa har da kuɗin situdiyo da na bidiyo, kafin ta ga ko sisi. Kowa ya ci ladan kuturu ai kin san sauran. Maganar sabuntawa sau huɗu, tambayi kanki wa ke da ikon. Idan su kaɗai ne, to fim ya karɓu su riƙe ta zango biyar a tsohon farashi, bai karɓu ba su watsar da ita bayan na farko.

Ki nemi a raba takardar biyu. Ta fim daban, da ladan kowane zango a rubuce, yana ƙaruwa in an sabunta. Waƙoƙin da aka yi domin fim su riƙe, babu laifi. Waƙoƙinta bakwai a rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya cewa ba sa ciki. In suna son sa ɗaya a fim, su nemi izini na ƙayyadadden lokaci su biya. Sannan ki ɗauki lauyanku na kanku wanda ya san haƙƙin mallaka, ban da wanda kamfani zai nuna muku. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ni ban ga takardar ba.

Mai tambaya: Barista na gode, Allah ya saka. Tsorona kada in ce a raba su ce sun fasa, yarinya ta riƙe ni da shi har abada.

Lauyar: Su suka nemo ta, ba ita ta neme su ba. Mabiyanta suke so. Neman gyara a kwantiragi abu ne da suka saba gani kullum, takardar farko dama don a yi ciniki ake rubuta ta. In har tambaya kaɗai ta sa suka gudu, kin ga irin zaman da za a yi da su shekara biyar.

Mai haɗa sauti a situdiyo: Ni ta ɓangaren murya zan yi magana, don ita nake gani kullum. Masu kallo suna ɗauka fim hutu ne ga maƙogwaro. Ina! Ranar ɗauka tana iya cin awa goma sha biyu. Fitowa ɗaya ta ihu ko ta kuka sai a maimaita ta sau goma, daga nesa, daga kusa, daga gefen abokin wasa. Na sha ganin mawaƙi ya taso daga lokeshan ya shigo mini da dare, ya tsaya gaban makirufo, muryar sama ta ƙi fita, sai iska. Ya yi ta gyaran murya yana kurɓar ruwan ɗumi, ni kuwa na san zaman ranar ya tashi a banza. Tantanin murya nama ne, yana kumbura, yana iya zubar jini. Adele ta soke wasanninta a 2011 aka yi mata tiyata a kan haka.

Shawarata a ƙarasa waƙa biyun nan kafin a fara ɗauka. A haɗa su, a ajiye, a riƙa sakin ɗaya-ɗaya a cikin wata biyar ɗin don kada masoyanta su ji shiru. Kuma a tabbata fayil ɗin kowace waƙa, murya daban kiɗa daban, yana hannunku, ba a kwamfutar situdiyo kaɗai ba.

Wani dattijo: 'Yata, taura biyu ba ta taunuwa. Ta tsaya a kan waƙarta har ta yi ƙarfi. Fim ba zai gudu ba.

Wata da ta daɗe tana koyar da wasan kwaikwayo: Baba, da girmanka, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Ana taunawa, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Ariana Grande da aka ambata ta fara a talabijin a 2010, ta fitar da albam a 2013, daga nan ta sa waƙa a gaba kusan shekara goma, sannan ta dawo da babban matsayi a fim a 2024 har aka sa ta takarar Oscar, babbar lambar yabo ta finafinai a Amurka. Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a gasar waƙa ta American Idol a 2004, fim ɗinta na farko kuma ya ba ta Oscar a 2007. Amma suna kaɗai ba ya wasa. Mariah Carey tana kan ganiyarta ta yi fim a 2001, a matsayin mawaƙiya ma kuwa, aka yi ta yi masa dariya.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne ban ji an gwada ta ba. An ba ta jaruma ba tare da ta karanta ko layi ɗaya a gaban darakta ba? To mabiyanta aka ɗauka, ba ita ba. A bidiyon waƙa kana kallon kyamara kana sayar da kanka. A fim an hana ka kallonta, aikinka sauraro ne. Mawaƙa da yawa da na koyar nan suke faɗuwa: abokin wasa yana magana, su kuma fuskarsu a mace, suna ƙirga lokacin da layinsu zai zo. Wata ɗalibata sai da na sa ta yi sati biyu ba ta furta komai a atisaye ba, tana saurare kawai, sannan idonta ya fara motsi. Ki nemi su yi mata gwaji, ki nemi su ba ta mai koyarwa ko na wata ɗaya ne kafin ɗauka. In za ta kasa, gara ta kasa a ɗaki gaban mutum huɗu.

Sai kuma matsayin kansa. Mawaƙiya ta fito a mawaƙiya, da sauƙi a wasa amma da haɗari a suna. Miley Cyrus ta yi daga 2006 zuwa 2011 tana fitowa a matsayin mawaƙiya Hannah Montana a shirin Disney, ta daɗe tana fama kafin mutane su raba ta da yarinyar cikin akwatin talabijin. Olivia Rodrigo ta bi wata hanya: tana cikin shirin Disney ta fitar da waƙarta a Janairun 2021 ta hannun kamfanin Geffen, ba ta kamfanin waƙar Disney ba, a 2022 ta ɗauki lambar yabon waƙa ta Grammy uku. Wato abin da Barista ta faɗa ne, fim can, waƙa can.

Matashin farko: To ni dai na janye "sa hannu kawai" ɗina. Amma a yi fim ɗin, muna son kallo.

Wata uwa: Na karanta tun daga sama. Kowa ya yi maganar kamfani, ba wanda ya tambayi ita mai abin. Ɗiyata, kin ce "mu sa hannu", alhali hannu ɗaya ne zai hau takardar, kuma ba naki ba ne. Shekara 19 ba jaririya ba ce. Tana son wasan ne a ranta, ko kuɗin da sunan ne suka ruɗe ku ku biyu? Zaunar da ita ki yi shiru ki ji.

Kuma kada ki ji haushina, ke ma a rubuta naki. Nawa kika kashe a shekara uku, nawa ne kasonki in kuɗi ya shigo, yaushe za ki sauka ki ba wanda ya san aikin. Manajoji galibi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari suke karɓa. Kuɗinta ya shiga asusun da ke da sunanta. A Amurka, a jihar Kalifoniya, akwai dokar da aka kafa a 1939 saboda Jackie Coogan, yaron da ya yi tashe a fim, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. Yau dokar ta tilasta a ware wa yaro ɗan wasa kashi 15 a asusun da ba mai taɓawa. Ba bare ne ya ci kuɗin yaron nan ba. Ban ce ke haka kike ba, na ga irin zaman bencin da kika yi. Amma kuɗin da ba a rubuta ba ya raba 'yan'uwan da suka fi ku shaƙuwa.

Mai tambaya, bayan kwana shida: Na dawo. Mama, maganarki ta yi mini zafi a daren, na kwana ina juyi, da safe na yi abin da kika ce. Ashe tana son fim ɗin sosai, har ta haddace fitowa biyu a ɓoye tana yi gaban madubi. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne tana tsoron rasa waƙoƙinta, musamman wadda ta rubuta bayan rasuwar mahaifinmu. Ta yi shiru ne don ta ga na ƙwallafa rai a kan kafin alƙalamin, tana ganin da shi za ta biya ni wahalata.

Mun ɗauki lauya. Ya rubuta musu, sun yarda a cire waƙoƙi bakwai ɗin, sun yarda da gwaji ranar Litinin. Sabuntawa sun sauko daga huɗu zuwa uku, lauya yana neman biyu. Kason wasanni ne suka kafe a kai, sun ce sai dai a rage kafin alƙalami, ita kuma ta ce a rage. Sati biyun da suka ce ba ƙari, sun ƙara mana kwana goma ba tare da mun roƙa ba.

Malam mai situdiyo, waƙa ta takwas an naɗe ta jiya. Ta tara ce ta tsaya, amshin bai zauna mata ba. In ɗauka ta riske mu a haka, mu fitar da takwas ɗin ko mu jira?