Za mu mayar da wayoyin ofis kan intanet, waɗanda suka riga mu a taimaka

Mai Sabar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hukumar jami'armu ta ce a sauke tsohuwar PBX ɗinmu, na'urar nan mai rarraba kira tsakanin ofisoshi, a koma wayar intanet wato VoIP. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayan gyaranta, kati in ya ƙone sai dai a nemo na hannu. An ce in kawo shawara a rubuce kafin hutun ƙarshen zango. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mu kafa tamu sabar, wato kwamfutar da za ta riƙa rarraba kiran, a cikin makaranta ko mu yi hayar irin su Teams ko Zoom Phone? Don Allah wanda ya san kan abin ya sa baki.

Ɗan Netwok: Wa alaikumus salam. Malam ajiye maganar kamfani tukuna, fara gaya mana lafiyar netwok ɗinku. Mutane suna ɗauka kira yana cin data da yawa, alhali ba haka ba ne, kira ɗaya da G.711, tsarin da ke mayar da murya data, kilobit 64 ne a daƙiƙa, in ka haɗa da kayan da ake naɗe shi da su ya kai wajen 87 ta kowane ɓangare, ka ga ko kira 100 ake yi lokaci guda bai cika megabit 10 ba. Matsalar ba yawa ba ce, jinkiri ne da tsinkewa. ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta ce kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150, da ya wuce sai ka ji mutum biyu suna ta katse juna kowa na cewa ina jin ka, ina jin ka. To ku kuma layi ɗaya kuke sha da ɗaliban da ke kallon bidiyo a hostel, in ba ka ware wa murya VLAN ɗinta ba, wato nata sashen daban a netwok, ka kuma sa tsarin QoS ya riƙa ba ta hanya kafin kowa, wallahi ko wane kamfani ka ɗauko zagin kai za a yi wa.

Mai Sabar: Faiba ce tsakanin manyan gine-gine, amma wasu suwic ɗin, akwatunan da kebul ɗin netwok ke haɗuwa a cikinsu, tsofaffi ne gaskiya.

Ɗan Netwok: To nan kuɗin zai tafi, ba a wayoyin ba. Suna da PoE, wato ba wa waya wuta ta cikin kebul ɗin netwok?

Baba Injiniya: Yauwa ɗana, ka taɓo inda nake jira. Ku yara ba ku san dalilin da ya sa wayar girke ta da take aiki ko an ɗauke wuta ba, wutarta ta cikin layin take zuwa, bolt 48 daga batiran can cibiya. Wayar intanet ba ta da wannan gatan. Suwic take sha ta cikin kebul, suwic ya mutu ta mutu, rauta mai fitar da ku intanet ya mutu kiran waje ya tsaya. Saboda haka kowane ɗakin suwic sai an sa masa UPS mai riƙewa har janareta ya tashi, kuma a riƙa gwada batiran, ba a saka a manta ba. Na ga inda aka kashe kuɗi aka sayi wayoyi masu allo mai launi, rannan wuta ta ɗauke da daddare mai gadi ya ɗaga waya zai kira asibitin makaranta, allo baƙi ƙirin.
Sannan ka duba ƙarfin suwic ɗin gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan cewa an rubuta PoE a jikinsa. Tsarin PoE na 802.3af wat 15.4 yake ba kowace kafa, wayar tebur ba ta ma shan rabin haka yawanci, amma akwai suwic mai kafa 24 da ba zai iya ciyar da su duka ba, musamman in kyamarori da na'urorin Wi-Fi ma a nan suke sha.

Anti Sakatariya: Ni dai ba injiniya ba ce amma ni ce mai ɗaga waya a ofishin shugaban tsangaya, don haka a ji ta bakina. Da aka yi mana namu canjin an ce kowa ya sauke manhaja a kwamfuta, an raba mana abin sawa a kunne, an kwashe na tebur. Kira ya shigo ina tsakiyar buga takarda, in nemo tagar manhajar a ƙarƙashin fayil goma, kafin in samu ya katse, in kuma kwamfutar ta ga dama ta shiga sabunta kanta to ofis ba waya sai ta gama. Sai da muka yi ta ƙorafi aka dawo mana da ta tebur mai maɓallai a gefe, ina ganin fitilar Farfesa ta yi ja na san yana kan layi, in danna sau ɗaya in tura masa kira. Malam Mai Sabar don girman Allah ka zauna da sakatarori da masu karɓar baƙi kafin ka rubuta komai.

Malamin Lissafi: Anti gaskiyarki, amma mu malamai akasin haka ne. Ta teburina ban san rabon da ta yi ƙara ba, kullum ina aji ko ɗakin taro. Abin da ya burge ni a sabon tsarin shi ne lambar ofis tana bi na a wayar hannu, in kira ɗalibi ko mahaifinsa lambar sashe yake gani ba tawa ba, ƙarfe biyar ta yi in kashe ta. Kada ku saya wa kowane malami wayar tebur, asara ce, ƙura za ta ci.

Anti Sakatariya: Dakta ai shi ya sa kiran naku duk a kaina yake ƙarewa 😄

Mai Sabar: Na rubuta duka biyun. To maganar sabar fa?

Ɗan Linux: FreePBX kawai yaya, tsarin PBX ne na kyauta da za ku ɗora a kan sabarku. A kan tsarin Asterisk yake zaune, wanda Mark Spencer ya fara tun 1999, ba sabon abu ba ne da za a yi gwaji a kanku. Ba ka biyan lasisin kowane kai, wayoyin Yealink da Grandstream da duk mai jin SIP, yaren da wayoyin intanet ke haɗa kira da shi, suna hawa, kuma babban abin shi ne ko intanet ɗin waje ya yanke ofisoshi suna ci gaba da kiran juna tunda sabar tana cikin gida. Jami'a ce fa, kuna da sashen kwamfuta guda.

Hajiyar Kasafi: Ƙanena kyauta ɗin nan ina jin tsoronta. Lasisi kyauta, to wa zai tashi cikin dare in ta tsaya? Mutum ɗaya ne yawanci ya san kanta, ran da ya samu aiki a wani wuri ya tafi da komai a kansa. In dai jami'ar tana kan Microsoft 365 ma'aikata sun saba da Teams, ƙara lasisin waya ya fi sauƙin koyarwa, illarsa kuɗi ne duk wata a kan kowane mutum har abada, kuma a wurin mai kasafi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni shawarata ka lissafa na shekara biyar gefe da gefe, har da albashin wanda zai kula da sabar da kuɗin horar da na biyunsa, sai ka kai wa hukuma su zaɓa da idonsu a buɗe.

Ɗan Netwok: Ƙari a kan na Hajiya, Teams ba a kowace ƙasa Microsoft ke sayar da lambobi da kanta ba. In babu a taku sai ta Direct Routing, ka kawo layin SIP daga kamfanin sadarwarku ka haɗa ta na'urar SBC da suka amince da ita, mai tsayawa tsakanin layin da Teams. Ka tambaya tun yanzu. 3CX ma, wani tsarin wayar ofis, yana nan a tsakiya, lasisinsa ya fi karkata ga yawan kiran da ake yi lokaci guda, sai dai ka karanta sharuɗɗansa na yanzu da kanka don suna canzawa.

Ɗan Linux: Hajiya na karɓa, a horar da mutum biyu a kuma rubuta komai. Amma ban janye ba.

Mai Tsaron Ƙofa: Duk wanda kuka zaɓa, in sabar taku ce kada ka bar ƙofar 5060, wadda SIP ke shigowa ta ita, a buɗe ga duniya. Akwai masu zagaye intanet dare da rana suna lalubenta, su gwada lamba 100, 101, 102 da lambar sirri irin 1234, da sun shiga sai su jira daren Juma'a ko hutu su yi ta kwararo kira zuwa lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a ciki, ranar Litinin a tarar da bil ɗin da zai sa a kira ka gaban kwamiti. Rufe kiran ƙasashen waje ga kowa sai wanda aka rubuto sunansa, sa Fail2ban mai toshe wanda ke ta gwada lambar sirri, ka ce wa kamfanin layin ya sa maka iyakar kuɗi a rana, ka kunna TLS da SRTP masu ɓoye kiran daga masu satar ji. Sannan saitin SIP ALG da ke fayawol, katangar tsaron netwok, ka kashe shi, shi ne yawanci ke jawo ka ji mutum shi ba ya jin ka.

Baba Injiniya: Bari in ƙara, don wannan shi ake mantawa. Kafin a yanke tsohon layi ko ɗaya, ɗauki littafi da makullai ka bi gini gini da ƙafarka. Akwai layukan da ba a kan tebur suke ba: wayar cikin lifta, na'urar ƙararrawar gobara da ke kiran ofishin tsaro da kanta, faks ɗin da wani ofis ke amfani da shi har gobe, wayar gaggawa a bakin hostel, wani lokacin har firjin ɗakin gwaje-gwaje mai buga waya in sanyi ya sauka. Takardar da ke ofis ba za ta nuna maka rabinsu ba. Wasu za su hau ATA, ƙaramin akwatin da ke haɗa tsohuwar waya da netwok, faks kuma yana son T.38, tsarin tura faks ta intanet, in ba haka ba shafi ya riƙa zuwa rabi. Na lifta da na gobara kam ka kira kamfanin da ke kula da su, kada ka taɓa da kanka.
Kuma kebul ɗin netwok mita 100 ne iyakarsa, tsohuwar wayar tagulla kuwa tana tafiya kilomita. Ɗakin mai gadi na can ƙofar baya ba sai ka ja masa faiba ba, bar masa tagullarsa ka haɗa ta da getwe, akwatin da ke haɗa tsofaffin layuka da netwok, a babban gini.

Hajiyar Kasafi: Baba firji kuma? Ikon Allah.

Mai Tsaron Ƙofa: Sai kiran gaggawa. Wayar intanet ka cire ta daga hawa na uku ka kai wani gini lambarta na biye da ita, to in an kira agaji ina za a ce mutumin yake? A Amurka har doka aka yi, Kari's Law, ta fara aiki a 2020, dole a iya buga lambar gaggawa 911 kai tsaye ba sai an fara danna 9 na fita waje ba. Ko ƙasarku ba ta da irinta ka tsara haka, kuma ofishin tsaro ya riƙa ganin gini da ɗakin da kiran ya fito.

Mai Sabar: Kai, na zo da tambaya ɗaya na tashi da shafi uku. Tsoffin lambobinmu na waje fa, suna kan takardun shiga makaranta da allunan ƙofa.

Ɗan Netwok: Ka nemi a ɗauko maka su zuwa sabon layin, amma fara takardun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka soke tsohuwar yarjejeniya sai ka kira kowace lamba daga waje ta shigo sabon tsarin, in ka riga ka soke lambar na iya salwanta. Kuma kada a yi canjin lokacin rajista ko jarrabawa. Fara da sashenku na ICT ku ɗanɗana da kanku, sai tsangaya ɗaya, ka haɗa sabuwar da tsohuwar PBX su riƙa kiran juna a tsakani, ofishin magatakarda da asibiti su zo ƙarshe.

Anti Sakatariya: A kuma buga mana takarda shafi ɗaya a manna kusa da waya, yadda ake tura kira da yadda ake jin saƙon murya. Ba littafi ba, shafi ɗaya.

Mai Sabar: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Gobe zan fara zagayen da Baba ya ce. Ɗan Netwok in na turo maka sunayen suwic ɗin za ka duba min waɗanda za su iya?

Ɗan Netwok: Turo, ka haɗa da hoton takardar da ke manne a bayan kowanne, a nan ake rubuta wat ɗin.