check_graphite na ba da UNKNOWN, kuma yana juya CRITICAL da OK

Ɗan_Jega:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Muna da turakun intanet a Birnin Kebbi, Jega da Argungu, kowanne da batirin sola mai volt 48. Ƙarfin batirin na shiga Graphite, manhajar adana awo, duk minti ɗaya. Na sa check_graphite, fulogin da ke karanto awon Graphite ya ba Nagios (manhajar da ke sa ido ta yi ƙara in an samu matsala), a /usr/lib/nagios/plugins da `-w 48 -c 46`. Da rana batir cike sai ya ce CRITICAL, da asuba ya sauka 45 sai ya ce OK. Wani lokaci kuma UNKNOWN. Ina gyaran yake?

Injiniya_Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. A ƙa'idar Nagios, 46 zalla na nufin a yi ƙara idan lamba ta wuce 46. Kai kuwa saukar batir ce damuwarka, don haka rubuta `-w 48: -c 46:` da ɗigo biyu a ƙarshe. Duba `--help` tukuna, ba kowane fulogin ke bin wannan tsarin ba. Gwada shi da `sudo -u nagios`, sannan `echo $?`: 0 OK, 1 WARNING, 2 CRITICAL, 3 UNKNOWN. Kafin ka sake kunna Nagios, bi ta `nagios -v nagios.cfg` don duba ko akwai kuskure a saitin.

Hajiya_Sabar:
UNKNOWN ɗin daga null yake, wato gurbin da babu lamba a ciki. A sabar Graphite, buɗe `/render?target=…&from=-10min&format=json`, galibi za ka ga lambar ƙarshe babu komai, domin ba a kai ga rubuta mintin ba. Idan kuma null ya fi lambobi yawa, duba storage-schemas.conf, inda ake saita tazarar adana awo a Graphite: in an sa 10s alhali bayanai na zuwa duk daƙiƙa 60, gurbi biyar cikin shida zai zauna fanko. Mai da shi 60s. Gyaran bai shafar tsofaffin fayilolin .wsp da Graphite ke adana awo a ciki, sai ka bi su da whisper-resize.py.

Injiniya_Gusau:
Gaskiyar Hajiya. Za a ce maka ka rufe gurbin da keepLastValue, mai cike gurbi da lambar ƙarshe da aka samu, to don Allah ka sa masa iyaka: `keepLastValue(sunan.awo,3)`. In babu iyaka, turken Argungu zai mutu ɗungurungum, Nagios na ta maimaita tsohuwar lamba yana cewa lafiya lau, har sai ta fita daga mintunan da kake tambaya. Shirun da ya wuce minti uku gara ya fito fili.

Sai agogo. Idan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 ce ke aiko da awo daga turakunka, ka sani shi Pi 4 ba shi da agogo mai batir, in wuta ta ɗauke ya tashi da lokacin da ba daidai ba, bayanansa su faɗa wajen mintuna goman da kake tambaya. Sa chrony, manhajar daidaita agogo, a kowane turke. Ka kuma sa max_check_attempts 3 a Nagios, wato ya gwada sau uku kafin ya yi ƙara, kada 'yar yankewar layi ta tashe ku cikin dare.